Tambayi Likita: Maigidana ba shi da kaciya, duk sanda muka sadu sai fatarsa ta tsage

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Birmingham ta ƙasar Ingila, shekara uku ke nan. Maigidana Bature ne, ya musulunta tun kafin mu haɗu, shekarunsa 42, kuma ba a yi masa kaciya ba, don a nan ba al'adarsu ba ce. Da farko lafiya lau muke. Tun da na yi arba'in ɗin haihuwata ta fari, yau wata takwas, duk sanda muka sadu sai bakin fatar gabansa ya tsattsage kamar an ja reza, ya yi ja, ruwa ma in ya taɓa raɗaɗi yake yi masa. Kwana huɗu ko biyar ya warke, muna komawa ya dawo. Sau ɗaya ta ƙasa ya yage, jini ya zuba har na tsorata. Yanzu bakin fatar ya yi fari-fari, kuma ya ce ba ta ja baya da sauƙi kamar da. Yana wankewa da sabulu da Dettol sau uku a rana. Hajiyarmu ta aiko mini da kayan gyaran jego, har da na matsi, da wani kirim mai suna Skineal wanda yake shafawa. Ni kuma na sha maganin sanyi sau biyu. Ya yi ƙiba, kuma yana tashi fitsari sau uku ko huɗu da dare. Ya fara guduna a shimfiɗa, kunya kuma ta hana shi zuwa asibiti. Yayana ya ce in kawo shi gida da hutu wanzami ya gama da shi. Likita, ni ce nake sa masa sanyi, ko shi ne yake neman mata?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya abin da aka samu. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce take hana ki barci. A duk abin da kika lissafa ban ga alamar da take nuna maigidanki yana bin wata ba, ban kuma ga shaidar cewa ke ce kike ɗauke da wata cuta kina ba shi ba. Akwai cutar saduwa guda ɗaya, wadda muke kira hafis, da takan ɓuya a siffar 'yar tsaga, kuma zan dawo kanta. Amma ko ita ce aka samu, tana iya kwanciya a jikin mutum shekara da shekaru tun kafin aure, ba ta zama hujjar cin amana. Ki sauke wannan zargi daga zuciyarki tukuna, mu duba fatar da kanta.

Mu a ƙasar Hausa kusan ba mu san wannan matsala ba, domin yaro ba ya girma da loɓarsa; ko a yi masa kaciya yana jariri a asibiti, ko wanzami ya yi masa da sanyin hunturu tare da sa'o'insa. Shi ya sa Hajiya da Yaya suka rasa inda za su ajiye maganar sai a kwandon "sanyi". A duniya kuwa mu ne marasa rinjaye: kimanin kashi ɗaya cikin uku na maza ne ke da kaciya. Likitan unguwarku a Birmingham yana ganin irin wannan a kai a kai, ba abin da zai ɗaga masa gira.

Loɓa fata ce mai ninki biyu. Ta waje irin fatar jiki ce. Ta ciki, wadda take kwance a kan hashafa, wato kan gaban namiji, sirara ce mai laushi kamar cikin leɓe. A bakinta akwai zobe wanda dole ya buɗe ya wuce kan hashafa idan gaba ya miƙe, a ƙasa kuma akwai wani ɗan zaren fata da ya ɗaure ta da kan, kamar linzamin da ke ƙarƙashin harshe. A waɗannan wurare biyu ake tsagewa, kuma duka biyun kin ambace su. Tsagar reza ta zoben ce. Yagewar da ta zubar da jini ta linzamin ce, domin akwai 'yar jijiyar jini da take bi ta cikinsa.

Abin da ke sa ciwon ya ƙi tafiya kin san shi a leɓenki lokacin hunturu: ya tsage, ya fara haɗewa, ki yi dariya ya sake buɗewa. Duk tsagar da ta warke tana barin tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata. Sai zoben ya ƙara tsukewa kaɗan, linzamin ya ƙara gajarta kaɗan, saduwa ta gaba ta same su a ɗame fiye da jiya. Kwana biyar ɗin da kuke jira saman ne kawai yake rufewa, ƙasan bai yi ƙwari ba. Wata takwas ke nan kuna fama ciwo ɗaya.

To me ya fara tsaga shi, alhali kun yi shekara biyu ba komai? Nan nake son ki saurare ni da kyau, don kin faɗi amsar da kanki ba ki lura ba: tun da kika yi arba'in. Mace mai shayarwa sinadarin istirojin yana raguwa a jikinta, shi ne kuwa yake sa gaban mace ya yi kauri ya saukar da ni'ima. Idan ya ragu sai wurin ya bushe, wasu matan har zafin saduwa suke ji, kuma haka zai kasance har a rage shayarwa ko al'ada ta dawo sosai. Wannan halitta ce, ba ciwo ba ne, ba kuma gazawarki ba ce. A kan wannan bushewar sai aka ɗora kayan matsi. Ban san abin da ke cikin ƙullin da Hajiya ta aiko ba, amma na san abin da aka saba sakawa: alimun, bagaruwa, da dangoginsu. Aikinsu ɗaya ne, su tsotse ruwan fata su sa ta takure. Abin da mace take ji ta ce ta matse, bushewa ce da ɗan kumburi. Namiji mai kaciya, wanda fatar kansa ta saba da gogar wando tun yana yaro, yana iya wucewa da ɗan raɗaɗi kawai. Mai loɓa kuwa, wannan fatar mai kama da cikin leɓe ita ake ja a busasshen wuri. Dole ta tsage.

Na daɗe ina wannan magana da mata a ɗakin duba marasa lafiya, kuma raina yana ɓaci idan na tuna yawan waɗanda suka zo mini da ƙaiƙayi da ƙuna da zubar ruwa, sun kashe kuɗi mai yawa a kan abin da ya jawo musu ciwon. Iyayenmu don ƙauna suke haɗa mana waɗannan kaya, ban taɓa shakkar haka ba. Amma tsokar da haihuwa ta sassauta, motsa ta ake yi ta dawo, wato ki riƙa matse wurin kamar mai riƙe fitsari kina saki, sau da yawa a rana. Babu garin da ake cusawa ya yi wannan aiki. Ki daina matsin daga yau, har da miskin da ake sakawa ciki. Tsarki da ruwan ɗumi ya wadatar.

Maganin sanyin da kika sha sau biyu, in irin su Ampiclox ne ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, zai iya ƙara dagula lamarin, domin yana kashe ƙwayoyin kirki da ke tsaron gaban mace, sai naman gwarin da ake kira kandida ya samu fili. Kandida na sa kan gaban namiji ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, fatar ta yi laushi tana tsagewa. Ba a lissafa ta cikin cututtukan neman mata. Tana zaune a jikin mutane da yawa lami lafiya, sai ta samu ɗumi da damshi da zaƙi take yaɗuwa.

Shi ma maigida yana cutar da kansa da niyyar tsabta. Dettol da sabulu sau uku a rana a kan fatar da ta riga ta tsage, wanke mata ɗan maiƙon da ke kare ta ne. Kirim ɗin kuwa ya fi damuna. Skineal haɗin magani uku ne, kuma ɗaya daga ciki sitiroyid ne, wato maganin kwantar da kumburi, na ajin da ya fi kowane ƙarfi. Funbact-A da ake sayarwa a kowane kemis a gida shi ma haɗin uku ne mai sitiroyid. Ranar farko mutum zai ji daɗi, jan ya kwanta, ƙaiƙayin ya tafi. In aka ɗauki watanni ana shafawa ba bisa ƙa'ida ba, fatar sirancewa take yi, kuma yana ɓoye kamannin ciwon har likita ya duba ya kasa gane asalinsa. Akwai kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna niyomaisin a ciki, wanda shi kansa yana sa wa wasu borin fata. Ya ajiye shi, amma kada ku jefar da kwalin, ku tafi da shi wurin likita ya ga abin da aka shafa da tsawon lokacin.

Da a nan wasiƙarki ta tsaya, da na ce ku gyara waɗannan ku ga yadda hali zai yi. Abu biyu ne suka hana ni faɗin haka.

Na farko fitsarin dare. Namiji ɗan shekara 42, ya yi ƙiba, yana tashi sau uku ko huɗu, ga loɓa tana tsattsagewa: ciwon suga nake fara nema kafin komai. Idan suga ya hau yana fita a fitsari, ɗigon da ya rage a ƙarƙashin loɓa ya zama abincin kandida, fatar ta kumbura ta yi ta tsagewa a tsaye kewaye da zoben. Ba zan manta wani baƙo ɗan ƙasar Indiya ba, ma'aikaci a wata masana'anta a Sharaɗa, da ya zo mini shekarun baya da wannan ƙorafi sak. Ya shafa kirim kala-kala, an yi masa allurai a kemis, ya fara zargin matarsa. Na sa aka tsira masa ɗan yatsa a nan take, sugan ya ninka abin da ya kamata fiye da sau biyu, shi kuwa bai taɓa sanin yana da shi ba. Da aka saita sugan aka ba shi maganin naman gwari, tsagar ta tafi. Tun daga ranar ban ƙara duba irin wannan ciwo ban auna suga ba. Maigidanki ya nemi gwajin jini na HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku. A ma'aunin Ingila, 48 zuwa sama ciwon suga ne, 42 zuwa 47 kuma an kusa. Idan ma an riga an san yana da shi, ya sani cewa magunguna irin su Jardiance da Forxiga ta fitsari suke fitar da suga, kuma sun shahara da jawo kandida a gaba. Kada ya daina sha da kansa, ya dai gaya wa likitansa.

Na biyu farin da kika gani a bakin fatar, tare da tsukewarta. Yana iya zama tabon fami kawai. Yana kuma iya zama wata cutar fata mai suna laikin isklirosas, wadda take mayar da loɓa fara, mai tauri kamar takarda, tana tsukewa a hankali. Ba a ɗaukarta wurin saduwa, ba zai sa miki ba, kuma a cikin maza kusan sai marasa kaciya take kamawa. Ana ganin daɗewar fitsari a ƙarƙashin fatar yana da hannu a ciki. Dalilin da ya sa ba na wasa da ita shi ne, in aka bar ta tana iya kaiwa ƙofar fitsari ta tsuke ta, kuma a wasu 'yan tsiraru tana share wa sankarar gaba hanya. Maganinta na farko Dermovate ne, kuma sitiroyid ɗin da ke cikinsa shi ne dai na cikin Skineal. Bambancin shi ne likita ya ga ciwon da idonsa, ya faɗi inda za a shafa da yawan da za a shafa, na wata ɗaya zuwa uku, sannan ya sake dubawa. Idan bai ji ba, kaciya tana warkar da mafi yawansu.

Saboda haka asibiti ba makawa. Tunda kunya ce ta riƙe shi, ki gaya masa a Ingila akwai asibitocin lafiyar saduwa na NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, kyauta ne, mutum yana kai kansa ba sai likitan unguwa ya tura shi ba, kuma aikinsu ke nan safe da yamma. Zai iya neman likita namiji. Ya je lokacin da tsagar take sabuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu, don a goga auduga a kai a gwada hafis da kandida. Idan ta warke gwajin hafis ba ya nuna komai. In ba a samu layi da wuri ba, ya ɗauki hoton wurin da wayarsa ya nuna. Za su ɗibi jini su duba tunjere da ƙanjamau, wannan ƙa'ida ce ga kowa, kada ya ɗauke ta a matsayin tuhuma. Ya kuma tuna ko akwai maganin da yake sha jefi-jefi, domin irin su Septrin da Fansidar suna sa wa wasu gyambo a kan hashafa, wuri ɗaya, duk sanda suka sha. Ke ma in kina ƙaiƙayi ko fitar farin ruwa mai kama da kindirmo, a duba ki a ba ki magani. In ba kya jin komai, ba sai kin sha wani abu ba.

Kafin nan ku ba fatar hutu na gaske, sati uku zuwa huɗu ba shiga. Na san da nauyi, amma ku zauna ku yanke shawarar tare, don gudun da yake yi miki yanzu tsoron zafi ne, ke kuma kina karanta shi a matsayin ƙi. Hutun da aka yi shawara a kansa daban yake da juya baya, kuma wasa da tausayawa tsakanin miji da mata ba su tsaya a shiga kaɗai ba. Ya riƙa ja da fatar a hankali sau ɗaya a rana, ya wanke da ruwan ɗumi zalla, ya tsane da tawul mai laushi ba tare da gurzawa ba, ya mayar da ita mazauninta. Bayan fitsari ya yi tsarki ya tsane, ya shafa ɗan Vaseline siriri ya zama katanga tsakanin fatar da fitsari. Idan likita ya ce kandida ce, Canesten sau biyu a rana na sati ɗaya zuwa biyu yakan isa. Ku dai sani Vaseline da Canesten duka suna lalata kwaroron roba, in da shi kuke tazarar haihuwa. Ranar da za ku koma, kada a yi gaggawa, kuma ku sa man santsi mai ruwa irin K-Y Jelly, da yawa, ba ɗan ɗigo ba. In bushewarki ta yi tsanani, akwai kirim na istirojin da likita zai iya rubuta miki.

Idan linzamin ya sake yagewa, ya danne wurin da tsabtataccen ƙyalle minti goma ba ɗagawa. In jinin bai tsaya ba sai asibiti. Akwai kuma abu ɗaya da ba a kwana da shi. Fatar da ta tsuke tana iya ja baya ta maƙale a bayan hashafa ta ƙi dawowa, ta shaƙe kan ya kumbura. In haka ta faru ya gwada ya kasa mayarwa, sashen gaggawa za ku nufa a daren, ko ƙarfe nawa ne.

Saura maganar Yaya. A ganina yana da rabin gaskiya. Mutumin da zobensa ya yi fari ya tsuke bayan wata takwas na fami, akwai yiwuwar ƙarshenta kaciyar za a yi, kuma magani ce ta gaske. A Kisumu ta ƙasar Kenya an yi babban gwaji da samari 2,784, aka yi wa rabi kaciya aka jinkirta wa rabi. Shi da takwarorinsa na Orange Farm a Afirka ta Kudu da Rakai a Yuganda ne suka nuna kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar ƙanjamau daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2007. A wannan gwaji na Kisumu an kuma ga waɗanda aka yi wa kaciya sun rage kukan tsagewa da gurjewa wurin saduwa. Idan kuma aka duba aka ga linzamin ne kaɗai gajere, akwai ƙaramin aiki na tsawaita shi da allurar kashe zafi, ba sai an cire loɓar ba.

Inda ban bi Yaya ba shi ne wanzami. Ina girmama wanzamai, su suka yi wa iyayenmu da kakanninmu. Amma kaciyar ɗan shekara bakwai daban, ta magidanci ɗan 42 daban. Jijiyoyin jininsa manya ne, sai an ɗaure su an yi ɗinki. Gabansa zai riƙa miƙewa cikin barci yana jan ɗinkin. In yana da sugan da ba a saita ba, ciwon zai iya ruɓewa ya ƙi warkewa. In kuma waccan farar cutar ce, ana bukatar likitan tiyata ya cire iya fatar da ta kamu, ya duba ƙofar fitsari, ya aika abin da ya yanke ɗakin gwaji. NHS tana yin kaciyar manya idan da dalilin lafiya, irin wanda ake nema a nan. Bayan aikin sati shida ne ba saduwa, kuma kan zai yi ta jin taɓin tufa na 'yan makonni kafin ya saba. Hutun sati biyu ko uku a Zariya, ga zafi ga zirga-zirgar gaishe-gaishe ga jirgin komawa, ba lokacin wannan aiki ba ne.

Ta fuskar addini, malamai suka fi ni sani, kuma ku tambaye su. Abin da na sani shi ne a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai kaciya sunna ce mai ƙarfi ga namiji, Shafi'iyya kuma suna ganin wajibi ce, kuma ya zo a hadisi ingantacce cewa Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya yi tasa yana da shekara 80. In maigida yana ganin ya tsufa da abin, wannan zai iya kwantar masa da hankali. Roƙona gare ki shi ne kada maganar ta zama ta dangi. Ya riga ya ji nauyin cewa surukarsa da yayan matarsa sun san abin da ke cikin wandonsa. Ki ce wa Yaya an gode, likita na dubawa, ki rufe zancen a nan. Shi kuma ki same shi ku biyu, bayan yarinya ko yaron ya yi barci, ki fara da naki: kin gano shayarwa da kayan da kike sakawa suna busar da ke, kin daina. Daga nan ki kawo maganar fitsarin dare da gwajin suga, don wannan ƙofar ta fi sauƙin shiga ga mai kunya, kuma in ya zauna gaban likita sauran za su biyo. Ki ce za ki raka shi, ko ki jira a waje in ya fi so.

Idan sakamakon HbA1c da na gogen audugar sun fito, ki sake rubuto mini da lambobin yadda suke a takarda, tare da abin da likitan ya ce game da farin zoben. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara muku zaman lafiya.